Sai da Mota Zan Dawo

"Ku ajiye shi! Na ce ku ajiye shi!"

Ko kallona ba su yi ba. Ƙartin suka ciccibi gurup ɗin, injin ba da wuta, daga gindin dalbejiyarmu suka nufi zaure da shi, wayarsa tana jan ƙasa. Faruku yana tsaye a inuwa cikin farar shadda, yana danna salula kamar ba shi ya turo su ba.

"Faruku, tun hantsi aka ɗauke wuta! Ka san da gurup ɗin nan injin Baba yake aiki!"

"Na sani mana, metires. Gyara za a yi masa."

"Jiya na ba ka amsa, yau ya lalace?"

Ya yi murmushi.

"Ƙarfe ne, Mubaraka. In zai lalace ba ya shawara da kowa. Amma in amsar ta gyaru, shi ma ba zai daɗe wajen gyara ba."

Daga ɗaki na jiyo tarin Baba. Mushe Yacouba ake ce masa, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, wanda rabin ma'aikatan Magarya suka bi ta ajinsa, yau huhunsa ya gaji. Wani inji ne ke tace masa iska, yana shaƙa ta siririn tiyo a hanci. In wuta ta tafi injin ya tsaya, sai numfashin ya koma kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Faruku, ma'aikacin biro, wato ofis, mai neman aurena, shi ya kawo mana aron gurup da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Ashe ba aro ba ne, toshi ne.

Ya kai bakin zaure ya juyo.

"Af, na manta. Ki gaida min mai mota. Shekaranjiya na gan shi a kasuwar Dungas yana cin tsire."

"Muttaƙa yana Lome."

"Ashe? To lalle Lome ta matso kusa."

Ya fita, ya bar ni tsaye a tsakar gida.

Bari in faɗa muku wane ne Muttaƙa, don ku san irin wautar da nake so.

Ɗan kabu-kabu ne a da. Shi yake kai ni lakwal ɗin da nake koyarwa, inda ake ce mini metires, wato malama. Kullum kafin in hau sai ya ciro wani tsabtataccen ƙyalle ya shimfiɗa a kujerar babur, wai kada ƙura ta ɓata wa metires zane. Ban san ranar da na fara son sa ba. Na dai lura in wani ya tsaya ya ce "hau mu je", sai in ce ina jiran wani.

Ranar da ya zo gaida Baba, zauren cike yake da tsofaffin abokan aikinsa. Baba ya leƙa waje ya ga babur, ya dubi Muttaƙa sama da ƙasa.

"Na raini ɗiyata har ta zama metires, a kan wannan jakin ƙarfen za ka ɗauke ta?"

Zaure ya kwashe da dariya. Ina bayan ƙofa ina ji. Muttaƙa ya miƙe tsaye.

"Mushe, wallahi tallahi ƙafata ba za ta sake taka ƙofar gidan nan ba sai da motar da zan ɗauki Mubaraka!"

Namiji da rantsuwa! Shi ya rantse, ni na ɗauki azabar.

Ya koma Dungas ya sayar da bijiman da ya gada. Mahaifiyarsa, Inna Kadi, ta daina amsa gaisuwarsa, ta ce 'yar birni ta cinye mata garke. Daga nan ya wuce Lome, ya kama aikin tuƙo wa wani Alhaji motoci daga bakin teku. Bayan tafiyarsa ciwon Baba ya tashi. Innata ta daɗe da rasuwa, yayyena suna Kano da Yamai, iyakarsu kira da "Allah ya ƙara sauƙi". Gidan ya rage daga ni sai Baba sai ƙarar inji.

Kaɗaici ba ya zuwa da ihu. A hankali yake shigowa, ya zauna kusa da ke a tabarma. Ƙawayena duk sun yi aure. In na je suna, kafin in zauna wata ta ce, "Mubaraka, mota ta iso?" Sai a yi dariya, ni ma in yi, in dawo gida in shiga ɗaki in yi kukana.

Abin da ya rage mini shi ne bokal ɗinsa, saƙon muryar da yake turo mini ta salula. In ya turo, sai in yi ta saurare har in haddace.

"Barakata, sanyin idona, na yi odar motarmu! Ba irin wadda kika sani ba ce. Tana shan esansi kamar kowace mota, tana kuma shan wuta. In an sa ta sharji ta cika, tafiya take shiru kamar kyanwa. Kuma kin san abin mamaki? Tana da piriz irin na bangon ɗaki. In an ɗauke wuta sai a jona mata waya, ta ba gida wuta. In batir ya yi ƙasa, ta tada injinta da kanta ta cika shi."

Na mayar masa ina dariya.

"Mota za ka kawo ko gurup mai ƙafa huɗu?"

"Ke dai ki jira, abar ƙaunata. Saura kaɗan."

Wannan "saura kaɗan" ɗin na ci na sha har na ƙoshi. Yau jirgin ruwa bai taso ba. Gobe ya iso amma ba a sauke ba. Jibi hanya ta rufe, sai an zagaya. Na san launinta, ruwan toka. Na san kujerunta, na san inda piriz ɗin yake. Na haddace motar da ban taɓa gani ba. Duk motar da ta bi ta ƙofar gidanmu sai na ɗaga kai, ko da na san ba ita ba ce.

Duk na jure, don na ɗauka yana can nesa yana kewata kamar yadda nake kewarsa. Ashe yana Dungas yana cin tsire!

Na shiga na jiƙa tawul na shafa wa Baba, na yi ta yi masa fifita har wuta ta dawo bayan azahar. Sannan na fito gindin dalbejiya na kira Muttaƙa.

"Barakata..."

"Kana ina?"

Ya fara kame-kame.

"Muttaƙa, kada ka yi mini ƙarya. Kana ina?"

"Ina Dungas."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙaramar salla. Motar tana iyaka, takardunta nake jira. Na so in zo miki da ita kwatsam..."

"Tun ƙaramar salla! Ina nan ina kwana da ciwon Baba ni kaɗai, kai kana nan kusa?"

"Kin san na rantse. Ba yadda zan yi. Amma wallahi ina zuwa Magarya, ina tsayawa nesa da lakwal ɗinku in ga fitowarki, sannan in koma."

Da bai faɗi wannan ba da ya fi. 

"Kai ka ganni ka ji sanyi. Ni fa? Ni wa na gani?"

"Baraka, ki fahimce ni..."

"Na fahimta. Ka fi son rantsuwarka a kaina. Yau an ɗauke gurup, Baba yana numfashi da ƙyar. Ka zauna ka jira motarka, in ta iso ka aure ta!"

Na kashe salular gaba ɗaya na jefa ta ƙarƙashin matashi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Bazara ta kai inda ta kai, ganye ko motsi ba ya yi, wuta kuwa ta zama baƙuwa, ta leƙo ta koma. Na daina zuwa lakwal. In injin ya tsaya in kama mafici har hannuna ya mutu. In abin ya tsananta in fita neman amalanke, mu kai Baba gidan likita inda suke da sola. Ina tafe a gefe riƙe da lema a kansa, mutane na cewa sannu, ba wanda zai bi ni gida ya taya ni zama.

Gwaggo Ɗela, ƙanwar Baba, ta zo dubiya. Ta ja ni gefe.

"Ke Mubaraka, me Faruku ya rasa? Ga aiki, ga gida, ga gurup. Kina zaune kina jiran mai babur, ubanki na shiɗewa. In wani abu ya same shi, wa za ki ce ya jawo?"

Maganar ta kwana a raina ta wuni.

Baba ya ji ta. Da ta tafi ya yafito ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba.

"Uwata... kada ki ba da kanki... don numfashina. Ni na ci zamanina."

"Baba, ka daina magana, kana wahala."

"Ni na kori yaron nan... da bakina."

Ya rufe ido. Na dubi ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙyar, leɓɓansa sun yi duhu. A nan na yanke shawara. So ba zai shaƙa masa iska ba.

Ran Juma'a bayan la'asar, da wuta ta dawo, na yi wanka na yafa mayafi. Gidan Gwaggo Ɗela za ni, in ce ta gaya wa Faruku na amince. Ban yi kwalliya ba. Ji nake kamar gaisuwar mutuwa za ni.

Ina sa ƙafa a zaure na ji ƙarar.

Ko cikin babura ɗari zan gane wannan ƙarar, mai tari kafin ta mutu. Na tsaya cak na dafa bango.

Muttaƙa ya kafe babur ɗin. Ya rame, ya yi baƙi, idanunsa sun faɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon dokin ƙofar kamar wuta ce. Sannan ya ɗaga ƙafa ya taka, ya shigo.

"Na taka," ya ce.

"Motar fa?"

"Ba ta iso ba."

"Rantsuwar fa?"

"Na karya ta. Zan yi kaffara. Inna ma ta riga ta sa an surfa hatsin da za a ciyar da miskinai."

"Inna Kadi?"

"Ita fa. Ta gan ni na daina cin abinci, ta tsare ni na faɗa mata. Ta ce, 'Ka ƙarar mini da shanu saboda ita, kuma ka bar ta tana kuka? Tashi ka ba ni wuri!'"

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Na toshe bakina da mayafi.

"Ina za ki, Barakata?"

"Za ni in ce na yarda da Faruku."

Ya runtse ido kamar na mare shi.

"Na makara?"

"Saura kaɗan," na ce.

Ya gane tasa ce na mayar masa. Ya sunkuyar da kai.

"Na cuce ki. Na ɗauka mutuncina nake karewa, ashe ke nake bari a rana. Ki yafe mini, abar ƙaunata."

Ban ce na yafe ba. Na dai cire mayafin daga kafaɗa na juya cikin gida, ya biyo ni.

Ya durƙusa a gaban gadon Baba. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ina motar?"

"Tana iyaka, Mushe."

"To me ka zo da shi?"

"Kaina kawai."

"Sa'o'inka... su je su dawo da mota a shekara. Kai me ya tsare ka?"

Muttaƙa ya yi ta murza hularsa. Sai da Baba ya sake tambaya.

"Tun bara na samu wata, Mushe, ta hannu, mai lafiya. Har na sa ranar tahowa. Sai Mubaraka ta gaya mini zancen injin nan, da yadda wuta ke yi muku. Sai na mayar da ita, na ƙara aiki, na yi odar wadda za ta iya riƙe shi."

Na dube shi baki buɗe. Shekara guda cur na ƙarin kaɗaici, ashe don mu ne! Na rasa ko in gode masa ko in jefe shi da mafici.

"Don ni?" Baba ya ce. "Ni da na..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na rawa.

Tun daga ranar Muttaƙa ya tare a zaurenmu. Da an ɗauke wuta sai ya tada babur, mu ɗora Baba a baya, in ɗaure su tare da zanena, ya ja a hankali zuwa gidan likita. Ran farko Baba ya ƙi hawa, ran na biyu ya hau yana gunaguni. Daga baya shi da kansa yake cewa, "Muttaƙa, kawo jakin nan." Faruku ya aiko a ce gurup ya gyaru. Baba ya ce a gaya masa ya kai gidan biki.

Motar ta iso gab da faɗuwar damina.

Ban ji isowarta ba, ni da na shekara da shekaru ina kasa kunne. Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji unguwa ta ɗauki sowa. Na fito, ga ta a ƙofar gida, ruwan toka, tana sheƙi, ba ƙara ba hayaƙi. Na shafa ta da tafin hannuna. Na ɗauka zan yi tsalle, sai na ji kawai na gaji.

A wunin aka ɗauke wuta. Muttaƙa ya matso da ita gindin tagar Baba, ya jona doguwar waya, ya zura ta taga. Injin ya yi ƙara ya tashi. Baba ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja, fanka na juyawa a kansa. Rabon da in ga ya yi barcin rana irin wannan har na manta. Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsa, ban san hawaye na zuba ba.

Aka sa rana. Inna Kadi ta zo daga Dungas da ƙwaryar man shanu, ta riƙe haɓata ta ce, "To, shanuna ba su tafi a banza ba."

Ranar kai amarya aka wanke motar, aka ɗaura mata kyalkyali da furanni. Garin Magarya kaf ya san a cikinta za a kai ni ɗakin da Muttaƙa ya kama a wata unguwa. Waɗanda suka yi ta tambayata ko mota ta iso, ga su nan sun yi cirko-cirko. Ba zan ɓoye ba, na so su gani. Na so in shiga a gabansu a hankali, in rufe ƙofa.

Bayan la'asar aka lulluɓe ni, aka kai ni ɗakin Baba ya yi mini nasiha. Gwaggo Ɗela har ta shige gidan bayan motar ta gyara zama. Sai hadari ya taso daga gabas, iska ta kaɗa, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

Injin Baba ya yi shiru.

Ɗakin ma ya yi tsit. Ta ƙarƙashin lulluɓi na ga hannun Baba ya damƙe zanen gado.

"Ku tafi," ya ce. "Ku kai ta... zan jure."

"A jona wa Baba," na ce.

"Ke amarya ba ta magana!" wata ta ce.

"Na ce a jona wa Baba!"

Ashe ban ma buƙaci faɗa ba. Muttaƙa, da ya kamata a ce yana can gidansa cikin abokai, tun da ya ga hadari ya taho. Ta taga na ga hannunsa yana zuro waya, babbar rigar angonci ta sha ƙasa. Injin ya tashi.

Gwaggo Ɗela ta fito daga motar tana tafa hannu.

"Oh ni Ɗela! Mota ta zama gurup ranar biki! To a sa amarya a ɗaya daga motocin 'yan rakiya."

"A'a," Baba ya ce. Numfashinsa ya dawo, muryar ajinsa ta dawo da shi. "A kira mini Muttaƙa."

Ya shigo ya durƙusa.

"Ina jakin ƙarfenka?"

"Yana zaure, Mushe."

"A gaban mutane na ce ba za ka ɗauki ɗiyata a kansa ba. To a gaban mutane nake cewa, tashi ka ɗauki matarka."

"Yaya!" Gwaggo ta ce. "Ango ya ɗauki amarya da kansa? A babur? Ina aka taɓa yi?"

"Ni ya ɗauka a kai, Ɗela, ban faɗi ba."

Aka fito da ni. Guɗa ta kaure, wasu na dariya, wasu na share ido. Muttaƙa ya turo babur ɗin, ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro ƙyallen nan. Ya tsufa, ya koɗe, amma a wanke yake. Ya shimfiɗa shi a kujera.

Na hau. Yayyafi ya fara sauka, ƙanshin ƙasa ya tashi. Na ɗaga lulluɓi kaɗan na waiga. Ga motar da na yi ta jira tana tsaye gindin taga da furanninta, waya ta shige ɗaki. Ga Baba a tagar, tiyo a hancinsa, ya ɗaga mini hannu.

Babur ya yi tarinsa ya tashi.

"Riƙe ni da kyau, Barakata, hanya da yashi."

Na kwantar da kaina a bayansa.

"Na riƙe ka ba ka nan, yau da kake gabana zan sake ka?"